Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasin Da Na Koya Wajen Nema Wa 'Yata Fasfo

Na shafe shekara 16 ina tsayawa gaban ɗalibai ina koya musu ƙa'idojin rubutun Hausa, ina jan kunnensu kan inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, har ma nakan rage wa ɗalibi maki idan ya bar ƙugiya a kan harafin da ya cancance ta. Saboda haka mai karatu zai fahimci irin nauyin da nake ji a yau da zan bayyana cewa haruffa biyu kacal, waɗanda ni da hannuna na rubuta, su ne suka kusa hana 'yata mai shekara shida shiga jirgin ruwa tare da kakarta a ƙarshen shekarar 2025. Na ga ya dace in kawo labarin a wannan fili domin na tabbata akwai irin wannan tarko a ɗane cikin akwatin takardun gidaje da yawa, masu gidan kuma ba su sani ba, sai ranar da tafiya ta taso.

Asalin tafiyar daga ƙanena ne, wanda yake aikin likita a Jidda. Ya daɗe yana jin mahaifiyarmu tana ba da labarin mahaifinta, wanda ya tafi aikin Hajji a ƙasa kamar yadda dubban mutanen ƙasar nan suka riƙa yi kafin zuwan jirgin sama. Sukan bi ta Borno su ratsa Chadi, su shiga Sudan, suna tafiya suna yada zango suna ƙwadago don neman guzuri, har su isa gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, daga nan su tsallaka zuwa Jidda a jirgin ruwa. Hajiya ta je Makka har sau biyu, amma duk ta sama ta bi, ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan ruwan da mahaifinta ya ƙetare ba. Da yake tun daga shekarar 2021 manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa sun fara ɗaukar fasinja daga Jidda suna zagaya arewacin Bahar Maliya, sai ƙanena ya yanke shawarar ya kama mana wuri a ɗaya daga cikinsu bayan mun yi Umara. Jirgin zai yi kwanaki kaɗan a kan teku, ya tsaya a wata tasha ta ƙasar Masar, sannan ya komo Jidda. Hajiya ta amince, amma da sharaɗi guda: sai an tafi da takwararta, wato autarmu, wadda muke kira Ummi saboda sunan Hajiyar ta ci.

Lokacin da aka biya kuɗin wurin, saura mako tara jirgi ya tashi. Na ɗauko fasfunanmu na duba. Abin da na fara lura da shi shi ne ranar ƙarewar kowanne, domin ƙasashe da yawa, har da Saudiyya da Masar, suna buƙatar fasfon matafiyi ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kamfanonin jiragen ruwa kuma galibi daga ranar da tafiyar za ta ƙare suke fara lissafin watannin. Fasfon da ya rage masa wata huɗu, ko da yake bai mutu ba a idon hukumar da ta bayar da shi, ba zai shigar da mai shi jirgi ba. Nawa da na uwargida da na Hajiya duk sun tsallake. Ummi ce kaɗai ba ta taɓa mallakar fasfo ba, ni kuwa a raina na ce ai wannan ƙaramin aiki ne, mako tara ya ishi komai.

Wani abokin aikina ma ya ƙara kwantar mini da hankali, ya ce ya karanta a intanet cewa yara ba sa buƙatar fasfo a irin wannan tafiya, takardar haihuwa ta wadatar. Abin da ya karanta gaskiya ne, sai dai ba da mu ake ba. A ƙarƙashin tsarin da Amurka ta fara aiwatarwa a iyakokinta na ƙasa da na ruwa a watan Yunin 2009, ɗan ƙasar Amurka da ya shiga jirgin ruwa a wata tasha ta ƙasarsu, ya zaga tsibiran da ke kusa, ya dawo wannan tashar dai, yana iya tafiya da takardar haihuwa. Rangwame ne da suka yi wa 'yan ƙasarsu a tashoshinsu. Ɗan Nijeriya kuwa tun kafin ya ga jirgin ruwan sai ya hau jirgin sama ya sauka a ƙasar wasu, kuma babu mai barinsa ya bar filin jirgi ba tare da fasfo da biza ba. Haka nan zamanin da ake rubuta sunan yaro a cikin fasfon uwa ko na uba ya wuce. Tsarin da duniya ke bi yanzu shi ne kowane mutum da nasa fasfon, ko da jinjirin da aka haifa jiya ne.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki ranar tashin jirgi a matsayin wa'adi. Wa'adin gaskiya yana gaban wannan rana da nisa. Kamfanin jirgi yana neman lambar fasfon kowane fasinja kwanaki kafin tafiya, domin dokokin sufurin teku sun wajabta masa riƙe jerin sunayen duk wanda ke ciki, kuma yana miƙa jerin ga hukumomin kowace tashar da zai tsaya. Kafin wannan akwai biza, wadda ba a nemanta sai da fasfo a hannu, kuma ga mai tafiya irin tamu dole ya tabbatar bizarsa ta ba shi damar fita daga ƙasa ya sake shigowa, tunda jirgin zai kai shi wata ƙasar ya dawo da shi. Kafin biza akwai fasfo. Kafin fasfo akwai lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, mai alƙaluma 11, wadda a yau ba a ba da fasfon Nijeriya sai da ita, babba ne ko yaro. Kafin NIN kuma akwai takardar shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Da na jera waɗannan a takarda na ƙirga daga baya zuwa gaba, sai na ga mako taran nan nawa bai wuce biyar ba.

Duk da haka ban damu ba, saboda Ummi tana da duka takardun. Takardar haihuwarta ni na karɓo tun tana cikin zanen goyo, don na san dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta nemi a yi wa jariri rajista cikin kwana 60. Lambar NIN kuwa mahaifiyarta ce ta kai ta aka yi mata lokacin da za ta shiga makaranta, aka haɗa da tata lambar kamar yadda ake yi wa yaran da ba su kai shekara 16 ba. Na zauna gaban kwamfuta na cike takardar neman fasfo, na ɗora takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da wasiƙar amincewar iyaye, da shafin bayanan fasfona. Na biya Naira dubu 100, wanda shi ne kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar tun daga 1 ga Satumbar 2025, bayan an ɗaga shi daga Naira dubu 50 da aka sanya a Satumbar 2024. Fasfo mai shafi 64 na shekara goma, wanda aka shigo da shi a 2019, na manya ne. Na yaro shekara biyar yake yi, kuma dalilin a bayyane yake, domin fuskar ɗan shekara shida ba ita ce fuskarsa ba idan ya kai 16.

Ranar da aka ba mu ta ɗaukar hoto, na riƙo hannun Ummi muka tafi tun da sassafe, domin dole a zo da yaron da kansa. Jami'ar da ta karɓi takardunmu ta duba allon kwamfutarta, ta duba takardar haihuwa, ta sake duba allon, sannan ta ɗago kai cikin ladabi ta ce, "Malam, wace ce a cikinsu ka zo da ita?" Na ce ban gane ba. Ta juyo mini da allon. A takardar haihuwa, da rubutun da ni na cike, sunan yarinyar A'ishatu ne, sai sunan mahaifina a gurbin sunan iyali, kamar yadda yake a fasfona. A rumbun NIN kuwa Aisha ce, sunan iyalinta kuma sunana ne na yanka, kamar yadda makarantarsu take kiran ta. Na fara yi mata bayani cewa ai suna ɗaya ne, har na soma shiga nahawun Larabci. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni na yarda da kai, ranka ya daɗe, ni ma sunan ƙanwata ke nan. Amma na'urar ba za ta yarda ba. Sai ka je an daidaita su."

A hanyar komawa gida na yi ta tunanin bayanin da na so in yi mata, kuma ga shi zan yi wa mai karatu, domin a nan tushen matsalar yake. A Larabci sunan yana ƙarewa da harafin da malamai ke kira ta'un marbuɗa. Idan mai magana ya tsaya a kan kalmar sai ya ce A'isha, idan kuma ya karanta ta da wasalinta na ƙarshe sai ya ce A'ishatu. Hausa ta karɓi sunayen Musulunci daga bakin malaman da ke karanta littafi da cikakken wasali, shi ya sa muke da Halimatu da Halima, Hadizatu da Hadiza, kuma wannan wasalin ne dai ya ba mu Muhammadu da Umaru da Aliyu da Usmanu. Ga Bahaushe waɗannan ba sunaye biyu ba ne, ɗaya ne a cikin riga biyu. A kan haka kuma sai al'ada ta ɗora nata. A'isha ita ce Indo, Fatima ita ce Binta, Hadiza ita ce Dije, Abubakar shi ne Garba ko Habu, Usman shi ne Shehu, Ibrahim shi ne Iro. Sai kuma alkunya, wadda ke hana mutum kiran sunan iyayensa ko da a kan ɗansa ne, ta haifar mana da Abba da Ummi da Baba. Yaro ɗaya yana iya amsa suna huɗu a rana guda, kuma babu wanda ya rikice a gidan.

Batun sunan iyali ma haka yake. Takardun zamani an gina su ne a kan tsarin Turawa, inda gida ke da suna guda da ake gada daga kaka zuwa jika. Mu kuwa tsarinmu shi ne sunan mutum sai na ubansa, saboda haka abin da ake kira sunan iyali yana sauyawa a kowane zamani. Da makarantun boko suka zo suka nemi suna na biyu, mutane da dama sunan garinsu suka ɗauka, shi ya sa tarihinmu ya cika da irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur da Isa Kaita. Wasu suka ɗauki sunan uba, wasu na kaka, wasu sarautar gidansu. Ni na ɗauki sunan mahaifina ya zama sunan iyalina a takardu, kuma shi na sanya wa Ummi. Uwargida kuwa da aka tambaye ta sunan uban yarinya, sai ta faɗi sunana, kuma ba ta yi ƙarya ba. Kowannenmu ya bi wata ƙa'ida ingantacciya, abin da ba mu yi ba shi ne mu zauna mu zaɓi guda.

Sai kuma rubutun kansa. Sunayenmu sun rayu ɗaruruwan shekaru a cikin ajami kafin a fara rubuta su da boko. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, haruffa masu ƙugiya kuma suka samu gindin zama a shekarun 1930. An yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 don daidaita rubutun. Amma duk wannan aiki a kan kalmomin harshe aka yi shi, sunayen mutane an bar wa kowane malamin rajista ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Shi ya sa suna ɗaya yake fitowa a matsayin Muhammad da Muhammed da Mohammed da Mohammad da Muhammadu, idan kuma ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram, inda rubutun Faransanci ya yi tasiri, sai ka tarar da Mahamadou, A'ishatu kuma ta koma Aïchatou. 'Yan uwa ciki ɗaya suna iya ɗaukar sunan ubansu da rubutu uku daban-daban.

Fasfo bai san da wannan yalwa ba. Tun taron da Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta farko ta yi a Faris a 1920 aka fara ƙoƙarin mayar da shi littafi mai siffa ɗaya a ko'ina, a yau kuma Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, ita ke shimfiɗa ƙa'idojinsa a kundinta mai lamba 9303. Nijeriya ta koma fasfo mai ƙwaƙwalwar lantarki a 2007. Idan mai karatu ya buɗe shafin da hotonsa yake, zai ga layuka biyu a ƙasa cike da haruffa da wasu alamomi masu kama da bakin kibiya. Kowane layi gurbi 44 ne, kuma wannan ne sashen da na'ura ke karantawa a filin jirgi da tashar ruwa. Babu abin da ke shiga cikinsa sai haruffan Ingilishi 26, da alƙaluma daga 0 zuwa 9, da wannan alamar cike gurbi. Ƙugiya ba ta da wuri a can, don haka Ɗahiru ya zama DAHIRU. Alamar hamza da nake taƙama da ita ana jefar da ita, Sa'adatu ta zama SAADATU. Gurbin da aka ware wa suna gaba ɗaya 39 ne, wanda ya fi haka tsawo sai a datse shi. Abin da na'ura ta sani shi ne ta jera haruffan wannan takarda da na waccan ta gani ko sun yi daidai. AISHA haruffa biyar ne, AISHATU bakwai, magana ta ƙare.

Kuma idan aka yi adalci, wannan taurin kai na na'ura yana da amfaninsa, musamman a kan yara. Wanda ya yi niyyar fitar da ɗan wani daga ƙasa ba da sanin iyayensa ba, a irin wannan saɓani na suna yake fakewa, ya ce ai duk ɗaya ne. Saboda haka ake neman wasiƙar amincewar iyaye kafin a ba yaro fasfo, saboda haka kuma kamfanonin jiragen ruwa kan nemi rubutacciyar yarda idan yaro zai yi tafiya da ɗaya daga cikin iyayensa kawai, ko da kaka, ko da kawu. Jami'ar da ta mayar da ni gida aikinta ta yi. Da ta rufe ido ta wuce da takardun, da matsalar ta jira mu a gaba, a wurin da babu mai jin Hausa balle ya san Indo.

Da na fito ƙofar ofishin a ranar, wani matashi ya biyo ni yana cewa, "Alhaji, ko an samu matsala ne? Kawo takardun, kwana uku ka zo ka karɓa." Ya faɗi kuɗin da ya ninka na hukuma. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in miƙa masa, domin na tuna fuskar Hajiya. Abin da ya tsayar da ni lissafi ne mai sauƙi. Matsalata tana cikin rumbun bayanai, kuma fasfo daga wannan rumbun yake kwaso suna. Ko dai matashin ya karɓi kuɗina ya ɓace, ko kuma ya samo mini fasfo ɗauke da sunan da ya saɓa wa takardar haihuwa, in sayi matsalar da za ta bi yarinyar har jarrabawar fita sakandare da shiga jami'a da buɗe asusun banki. Na yi masa godiya na wuce.

Da daddare muka zauna da uwargida muka baje takardun Ummi a kan tabarma, har da katin rigakafi da sakamakon makaranta. Muka samu rubutu iri huɗu. Ta dube ni ta ce, "Malam, yau ga ranar karatunka, sai ka zaɓa mana." Muka tsaya a kan abin da ke takardar haihuwa, domin ita ce uwar sauran takardu, kuma sunan iyalin da ke cikinta ya dace da na fasfona, abin da ke sauƙaƙa wa duk jami'in da zai so ya tabbatar ni ne uban yarinyar. Hamzar kuwa na haƙura da ita, tunda na san ko na nace ba za ta kai ga layukan nan biyu ba. Washegari na je kotu na yi rantsuwar cewa mai sunayen nan mutum ɗaya ce, na haɗa da takardar haihuwa na shigar da buƙatar gyara a rumbun NIN.

Daga nan sai jira, kuma shi ne ya fi komai wahala, domin babu abin da mutum zai iya yi. Gyaran ya ɗauki kwana 17. Bayan ya fito sai da muka ƙara wasu kwanaki kafin sabon sunan ya bayyana a ɓangaren masu fasfo. A tsakanin nan ƙanena yana bugo waya kusan kullum, saboda kamfanin jirgi yana tambayar lambar fasfon fasinja ta biyar, kuma lokacin da za a iya fasa tafiya a mayar da kuɗi ya riga ya wuce. Hajiya ba ta taɓa tambayata ba, sai dai wata rana da na je gaishe ta ta ce, "In takwarata ba ta samu ba, ku tafi kawai, ni na yafe." Na san abin da take nufi, kuma na san ba za mu tafi mu bar ta ba. Wato haruffa biyu sun riƙe mutum biyar.

A karo na biyu da muka koma, ba mu yi minti 40 ba aka ɗauki hoton Ummi. A shekarar 2021 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar da wa'adin mako shida ga sabon fasfo da mako uku ga sabuntawa. A 2023 ministan ma'aikatar, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ba da umarnin fitar da fasfo sama da dubu 200 da suka taru, sannan a Janairun 2024 aka mayar da cike takardu da ɗora shaidu ta intanet. Namu ya fito cikin kwana 13. Na karɓe shi saura kwana 12 mu tashi, biza kuma ta iso saura kwana huɗu. Allah Ya rufa asiri, amma ba don wayona ba. Da gyaran sunan ya ƙara mako guda, da wani labarin nake bayarwa yau.

Abin da nake so iyaye su ɗauka daga wannan bai da yawa. Ranar suna, bayan liman ya yi huɗuba an raba goro, uba da uwa su zauna su rubuta sunan yaron harafi bayan harafi, da sunan iyalin da zai ɗauka, su ajiye takardar. Duk inda za a rubuta sunan nan gaba, asibiti ne ko makaranta ko wurin rajista, a miƙa takardar maimakon a faɗa da baki, kuma kafin a bar wurin a karanta abin da aka buga. Waɗanda 'ya'yansu suka riga suka girma, su ware yammaci guda su baje takardu kamar yadda muka yi, su gyara tun babu tafiya a gabansu. Wanda kuma ya san akwai yiwuwar tafiya, ya nemi fasfon yaro kafin ya biya kuɗin tikiti ko ɗakin jirgi, domin fasfon zai jira shi shekara biyar, jirgin kuwa ba zai jira shi awa ɗaya ba. A kuma riƙa duba fasfon yara fiye da na manya, saboda yana ƙarewa da wuri, kuma wata shidan ƙarshe na rayuwarsa ba su da amfani a mafi yawan tafiye-tafiye.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu, mu malaman harshe. Mun yi taruka a kan ko za a rubuta "shi ne" a haɗe ko a rabe, amma ba mu ba malamin rajistar haihuwa da ke ƙauye wani ɗan littafi da zai duba ya ga yadda ya fi dacewa a rubuta sunayen da aka fi sanyawa ba. Ba ina nufin a tilasta wa kowa rubutu ɗaya ba, domin suna mallakar mai shi ne, kuma wanda ya fi son Mohammed yana da 'yancinsa. Abin da nake nufi shi ne jagora, wanda zai nuna wa iyaye zaɓin da ke gabansu da yadda kowanne zai fito a fasfo, su zaɓa da saninsu. Sassan koyar da harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da ƙwararrun da za su iya wannan aiki, idan suka haɗa hannu da Hukumar Ƙidaya da hukumar da ke ba da NIN. Zai kuma taimaka idan takardun rajista suka bayyana a sarari, da Hausa, cewa gurbin sunan iyali yana nufin sunan da ke takardun uba, tunda tambayar "sunan uba" amsa biyu take da ita a wurinmu.

Mun yi Umararmu lafiya, muka shiga jirgi a Jidda da yamma. A bakin ƙofa ma'aikacin ya ɗora fasfon Ummi a kan na'ura, ta yi ƙara sau ɗaya, ya miƙo mata katinta yana murmushi. Washegari bayan sallar asuba na tarar da Hajiya a saman jirgi, ta lulluɓe takwararta da gefen mayafinta saboda iska, tana nuna mata yamma, ɓangaren da Sudan take, tana gaya mata yadda kakan-kakanta ya tsallako wannan ruwa da ƙullin kayansa a ka. A tsawon kwanakin nan ban ji wanda ya kira yarinyar da sunan da muka sha wahala a kansa ba. Hajiya takwara take ce mata, mu kuma Ummi. Haka ya kamata, domin gida yana da nasa sunayen kuma babu mai raba mu da su. Hukuma ce kawai take buƙatar guda ɗaya, kuma hakkin yaro ne a kan iyayensa su tsayar masa da shi tun yana ƙarami. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa mu dace.